Kamaldeen Mai Sanyaya Kwamfuta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, bayan Azahar, Allah Ya karɓi ran Kamaldeen Sanni, mai gyaran kwamfuta a unguwar Dichemso. Shagonsa na jikin nawa, inda nake buga katin biki da na suna.

Kamal, ban san mai tsoron zafi kamarka ba. Duk kwamfutar da aka kawo, sai ka fara ɗora mata bayan hannu kamar uwa da jariri. Ranar da tawa ta riƙa mutuwa ina tsakiyar aikin biki, ka buɗe ta, ka ciro fankar da ke kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ka nuna mini ƙurar da ta daskare kamar auduga. Ka goge busasshen man sanyayawa da ke kan furosesar, ka ɗiga sabo bai kai ƙwayar wake ba. Na ce ka ƙara, ai ba gishiri ba ne. Ka yi dariya, ka ce idan ya yi yawa ɓarna yake yi. Sannan ka mayar da fankar, kana ɗaure sukurorin a gicciye, wannan kaɗan, na kusurwa kaɗan, har ta zauna daidai.

Ka hana ni jingina ta da bango. Ka hana Hajiya Azaratu mai shagon waya lulluɓe tata da gyale. Kuma in wata ya zagayo, kai ne za ka bi mu shago-shago da ɗan buroshinka, ba wanda ya kira ka.

Shi ya sa har yau ina jin haushinka, Allah Ya yafe mini. Ranar Alhamis da muka gaisa, hannunka da zafi kamar murfin tukunya. Na ce ka tashi mu shiga tasi zuwa asibiti. Ka ce, "Massa," wato maigida, "maleriya ne kawai. Bari in gama kwamfutocin makaranta, yara na da jarrabawa." Juma'a na sake magana, Samiratu matarka ta roƙe ka har da hawaye, ka ce gobe. Ka gama kwamfutocin, aka kwashe su, yara suka zauna jarrabawarsu. Da aka kai ka asibiti ranar Lahadi, ba ka gane kowa.

Na san wa'adi ne, ba na jayayya da Mai shi. Amma zuciya ba ta jin lallashi da wuri.

Ina miƙa ta'aziyya ga Samiratu da 'ya'yanku, Najiba da Ikrama, da yayanka Boukari, da dukkan dangi na unguwannin Zango da Sofoline. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Kai kuma Kamal, Allah Ya jiƙanka, Ya sa zazzaɓin nan ya zama kaffara, Ya sanyaya makwancinka.