Ƙwaryar da Shugaba Ya Sha Fura

A shekarun da jam'iyyu suka fito kamar ciyawa bayan ruwan farko, ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Jiratawa. Saurayi ne ni lokacin, ga wando mai kari, ga bakin da ba ya gajiya. Yau yajin aiki, gobe zanga-zanga a Maraɗi, jibi mu koma aji mu tarar rabin yara sun tafi ban ruwa a gonakin rani.

Hoton marigayi tsohon shugaban ƙasa an sauke shi daga bangon ofishin darakta, an jingine bayan kabad. Yaran ajina ba su san kome game da shi ba sai abin da suke ji a gida. Uban wannan ya ce adali ne, uban wancan ya ce kada a ƙara ambatonsa a zaurensa. Sai na yi niyyar koya musu rayuwarsa da mutuwarsa da abubuwan da za su gani da ido, irin yadda na gani a gidan tarihi na babban birni. Darakta ya ce in yi, amma in rigima ta tashi ni na sani.

Na kakkaɓe hoton. Na samo tsohuwar jarida mai hoton jana'izarsa, da wani zanen atamfa mai fuskarsa. Wani tela a Tsibiri ya ara mini rediyon da ya ji sanarwar rasuwar a cikinsa. Ina cikin haka aka ce in je wurin wani dattijo mai gonar albasa a bakin kwatar ruwa, wai yana da ƙwaryar da shugaban ya sha fura ranar da ya zo duba gonakin. Dattijon nan shi ake kira in an yi gardamar iyakar gona, domin ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

Ya shiga ɗaki ya fito da ita a naɗe cikin tsumma. Da ya warware, na dube ta. Ƙwarya ce baƙa ƙirin, ta tsage daga baki har gindi an ɗinke ta da zare, bakinta ya cinye.

"Mushe, ga ta," ya ce, don haka ake kiran malamin lakwal a can. "Ita ag gare mu ran nan. Ya sha, ya ce a ƙara mishi. Ka riƙe mini ita amana."

Na ce, "Baba, kamar tana ɗakinka."

A hanya raina ya ƙi ta. Mai duba makarantu zai zo daga Maraɗi, iyaye za su zo, in ɗora wannan abu a kan tebur in ce shugaban ƙasa ya kafa baki a nan? Dariya za a yi mini. Gaskiyar magana ke nan, kaina nake ji, ba darasi ba. Washegari na hau kabu-kabu a Maraɗi zuwa kasuwa, na zaɓi sabuwar ƙwarya fara sol mai zane, na goga mata ɗan toka don ta yi kamar ta kwana biyu. Ta dattijo kuwa na tura ta ƙarƙashin gado.

Ban gayyace shi ba, kuma da gangan na ƙi.

Ranar baje kayan, aji ya cika har taga. Na yi bayanin haihuwar marigayi, da mulkinsa, da yadda mutane suka tsaya cirko-cirko gaban rediyo ranar da ya rasu. Baki ya yi mini daɗi. Na zo kan ƙwarya na ɗaga ta sama, sai na hango dattijo a bakin ƙofa da farar rigarsa ta Juma'a. Jin labari ya yi, ya taho da ƙafa.

Wani daga cikin iyaye, wanda ba ya ƙaunar marigayin, ya ce, "Shugaba wane iri zai sha hura a Jiratawa? Tatsuniya dai!"

Da aka nuna wa mai duba makarantu dattijon, sai ya ce ai ga mai ita nan, a tambaye shi. Aka buɗa masa hanya. Ya zo gaban tebur, ya dubi ƙwaryar, bai taɓa ta ba. Ya dube ni. Kalma ɗaya ta ishe shi ya tona ni gaban ɗalibaina da shugabana, kuma da ya yi, bai zalunce ni ba.

"Ita ce," ya ce.

Aka tafa. Mai gardama ya janye maganarsa, domin wa zai ƙaryata wannan dattijo? Yara suka rubuta a littattafansu, mai duba makarantu ya yaba mini. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sa mutumin da gari ke rantsuwa da bakinsa ya yi ƙarya don ya rufa mini asiri, ni da ban kai ɗan cikinsa ba.

Kwana uku ina juya abin. Ran na huɗu na ɗauki ƙwaryoyin biyu na same shi a gona yana buɗa wa albasa ruwa. Na durƙusa.

"Baba, na ci amanarka. Ka yahe mini. Ga taka."

Ya wanke hannu a kwata, ya share da riga. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya miƙa hannu ya ɗauki sabuwar.

Na ce, "Baba, ba ita ba ce. Ga ta gaskiyar nan."

"Na sani, Mushe. Amma na hwaɗi gaban mutane cewa wagga ce. Gobe in yaro ya zo ya ce in gwada mishi, wace zan hiddo?"

Ya saka farar a cikin tsummansa ya naɗe ta yadda yake naɗe waccan. Ya koma kan albasarsa, ya bar ni durƙushe da tsohuwar a hannu.