Yaya Idi da shamuwar Nassarawa

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Idi mai lambu. Na so in yi masa addu'a kawai in yi shiru, sai makon jiya ɗana ya bi da ni ta unguwar Nassarawa a mota, na dawo gida zuciyata tana tafasa.

Tun zamanin Turawa muka baro ƙauyenmu na wajen Kazaure muka kama aiki a gidan wani Bature a Nassarawa, shi yana lambu, ni ina kuku. Kada wani ya ce yabon Bature nake yi. Don inuwar kansa ya bar itatuwan gidan, mu kuwa can ƙuryar baya ya ajiye mu. Amma dai Yaya ya sami sararin yin abin da ya iya. Ba ya sare reshe sai ya leƙa ya ga babu sheƙa. Yakan bar kusurwa guda da ciyawarta saboda ƙananan tsuntsaye, ya zuba musu ruwa a kasko. Akwai wata tsohuwar tsamiya da shamuwa ke sauka a kanta duk shekara gab da damina.

Da aka sami 'yancin kai, gidan ya koma hannun wani babban ma'aikaci, ɗan ƙasarmu, wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci. Mun yi murna. A daminar farko ya fito ya tarar da kashin shamuwa a kan sabuwar motarsa, ya ce a sare tsamiyar.

Yaya ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai 'ya'ya a sama. A matsar da motar, ko a ba su wata guda su yi fiffike."

Maigidan ya ce, "Malam Idi, gidana ne ko na tsuntsu? Ɗauko gatari."

Yaya ya ce, "Wallahi ba da hannuna ba."

A ranar aka sallame shi, aka kira masu faskare. Ina tsaye a tagar kicin ina yanka albasa tsamiyar ta faɗi, iyayen suna ta shawagi a sama. Yaya ya tsince 'ya'yan da suka yi saura a kwando ya tafi da su unguwar Gama. Ko ɗaya bai kai Juma'a ba. Ni ban ce uffan ba. Na ƙara shekara tara ina dafa wa mutumin nan abinci, Yaya kuma bai taɓa yi mini gori ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Da Yaya zai tashi yau ya ga Nassarawa, me zai ce? An yayyanka filaye, an shafe ƙasa da siminti har gindin katanga, an tumɓuke maɗaci da darbejiya an jera shaguna. Masu gidajen suna kukan zafi, wasunsu har da kanari a keji. Wa ya sa hannu aka rabe lambunan nan? Ba baƙo ba ne, namu ne.

Yaya ya ƙare rayuwarsa yana sayar da dashe a bakin titi. Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari itatuwa ne da ya daddasa a maƙabartar da muka binne shi, ba wanda ya sa shi. Nan kaɗai na sani kurciya da hasbiya suke yin sheƙa babu mai tsangwamarsu. Ku duba fa, gari guda, tsuntsu bai sami inda zai yi ƙwai ba sai wajen matattu.

Allah Ya gafarta wa Yaya. Mu da muka gani muka yi shiru, mun fi shi buƙatar gafarar.