Saniyar Bappa Manu Mai Cin Wuta

Duk wanda ya taɓa shiga falon Bappa Manu a Gwallameji ya san ba a kunna kwamfutarsa haka kawai. Sai ya yaye zanen da ya lulluɓe ta da shi, ya ninke, ya ɗora tafin hannunsa a bayan akwatinta ya yi shiru kamar mai sauraron wani abu, sannan ya ce, "To Nagge, mun kwana lafiya?" Nagge saniya ke nan da Fulatanci, na faɗa ne saboda 'ya'yanmu da birni ya cinye musu yare. Kuma ba wasa yake yi ba. Mutumin da ya tashi a ruga a Zungur, ya ƙare aikin gwamnatinsa yana malamin dabbobi, a wurinsa duk abin da ke ci, jikinsa ya yi ɗumi, ya kuma yi gurnani, dabba ne.

Ni ce Hajjo, 'yar ƙanensa. Gidan aurena yana bayan layinsu, shi ya sa na ga abin da wasunku labari kawai kuka ji.

Yaya Buba, babban ɗansa da ke aiki a Abuja, shi ya kawo masa kwamfutar, irin ta kan teburi mai akwati daban allo daban. Ranar da aka haɗa ta, Bappa ya zagaya ta kamar mai sayen saniya a kara, ya leƙa gaba ya leƙa baya, sai ya ga ƙananan ramukan nan da ake soka filashi.

"Waɗannan fa?"

"Na jona kaya ne, Baba. Har waya ana iya caji a nan."

"Wato wuta na fitowa ta nan?"

"Tana fitowa kaɗan."

Bappa ya gyaɗa kai. "Ashe tana da nono."

Shi ke nan, Yaya Buba ya jawo mana! Kun dai san Bappa da mitar wuta, mutumin da ke kashe ƙwan falo in baƙo ya daɗe, wai ai an riga an ga juna. A lissafinsa, wutar da ta shiga cikin Nagge an biya kuɗinta, saboda haka wadda ta fito daga jikinta kyauta ce. Tun daga ranar bai ƙara soka caja a bango ba. Tocilarsa, rediyonsa, wayarsa, da wata 'yar fanka kamar tafin hannu, duk a jikinta suke sha. Dada, matarsa, ta yi faɗa har ta gaji. Amsarsa ɗaya ce: "Ina ciyar da ita, ba zan tatsa ba?"

Da Allah ya yi wa Dada rasuwa, ni na ɗauki kai masa abinci. A nan na gane abin da ke cikin kwamfutar. Kun san Dada ba ta yarda da hoto ba, ko a biki in an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta juya baya. Ashe akwai wata rana da Bappa ya ɗauke ta bidiyo a tsakar gida, Yaya Buba ya zuba masa a kwamfutar, wayar kuma daga baya ta faɗa rijiya. Duk duniya babu inda fuskar Dada da muryarta suka rage sai cikin akwatin nan. In na zo da kwano bayan la'asar, sai in jiyo muryarta daga ƙofa. Ina yin sallama sai muryar ta ɗauke, in tarar da Bappa ya haɗe rai yana kallon allo.

"Takardun fansho nake dubawa," in ji shi.

"Allah ya taimaka, Bappa."

Kunyar Fulani ce, me za ka ce? Mutumin da tun aurensu bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "mutanen cikin gida", shi ne zai ce yana kewarta?

Ana nan sai ramukan Nagge suka yi masa kaɗan. Ya je kasuwar Wunti ya sayo wani abu mai baki da yawa, ka soka shi a rami ɗaya ya haifar maka da wasu. Ya ƙara fitilar kashe sauro, da askar aski mai caji, da tocilar maigadin masallaci wadda yake caja masa saboda lada. In ka hango teburin sai ka rantse akuya ce ta haifi 'ya'ya suka rufe ta.

A cikin satin nan ne Nagge ta tsaya. Za ta kunnu lafiya, ta yi gurnaninta, ta kawo shafin farko inda ake rubuta fasuwod kafin a shiga, sai ta ƙame a nan. Ka motsa maus, kibiyar ba ta motsi. Ka danna kibod, ko ɗigo ba ya fitowa a akwatin rubutun. Ga ƙofa a gabanka, ga mabuɗi a hannunka, amma babu shiga.

Na tarar da shi zaune a gabanta da butar shayi, ya miƙe ƙafa.

"Bappa lafiya?"

"Ta yi turjiya."

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi. Ba a dukan dabba in ta turje, Hajjo. Zama ake yi kusa da ita har ta ji kunya."

Ba ta ji kunya ba. Washegari ya taɓa bayanta ya ce akwai zazzaɓi, ya sa aka sauke ta ƙasa kan siminti, ya juya 'yar fankar nan tana hura mata iska. Fankar da ke shan wuta a jikinta fa! A rana ta uku ya kwance murfin akwatin ya leƙa, ya ce bai ga tsutsa ba amma akwai datti, ya share da gashin kaza. Wannan kam daga baya an ce ya yi daidai. Sai dai ko gezau.

Na ga abincinsa ya fara dawowa da saura, sai na kira Yaya Buba na miƙa masa wayar.

"Baba, ka danna maɓallin kunnawa ka riƙe, kar ka saki sai ta mutu."

"In kashe ta da hannuna?"

"Za ta tashi, Baba."

"Kai ka taɓa ganin abin da aka shaƙe ya tashi da lafiya?"

Da ƙyar ya yarda, ya danna yana kau da kai. Ta mutu, ta tashi, ta dawo daidai inda ta tsaya kamar wadda aka ɗaure wa turke.

"To Baba, yanzu abu na gaba, ka duba bayanta, duk abin da ka san ka jo..."

"Buba, kuɗin wayar yarinyar nan na ƙonewa. A gaida yara." Ƙit, ya kashe.

Na ce, "Bappa, ai bai gama ba."

"In magana ta wuce gaisuwa, kamfani ake yi wa aiki."

Yaya Buba ya sake kira ya fi a ƙirga, Bappa ya ce a gaya masa yana alwala. Har magariba yana alwalar nan.

Sai da aka yi kwanaki kafin ya yarda a kai ta wurin mai gyara, shi ma don na ce masa ko malamin dabbobi yakan nemi shawarar likita. Ya zare kayan jikinta ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan darduma, ya naɗe akwatin da zane ya rungume, ni na riƙe allon. Mai keken hayar da muka tare ya ce sai an biya kuɗin kujerar kaya. Bappa ya ce, "A cinyata take. In cinyata taka ce, faɗi." Mai keke ya ja kekensa muka nufi cikin gari.

A shago mai gyaran ya jona mata nasa maus da kibod, ya kunna. Jama'a, kibiya ta hau yawo a allo kamar ba ita ba! Bappa ya ce kowa ya juya baya, ya baza babbar rigarsa a kan kibod ya rubuta fasuwod ɗinsa a ƙarƙashi. Nan take ta buɗe.

"Baba, ai lafiyarta ƙalau," in ji mai gyara.

"Na san halinsu. Ranar kasuwa ko gurguwa miƙewa take yi."

"Me da me kake jona mata a gida?"

Bappa ya dube shi sama da ƙasa. "Gyara na kawo maka ko neman aure? Me ya kai ka cikin gidana?"

Bawan Allah ya sauya magana. Ya ce to, tunda ta buɗe, gara a kwashe abubuwa masu muhimmanci a zuba a filashi yanzu, don in ta ci gaba da haka ƙarshenta sai an yi fomatin, a goge komai a sake zubi. Na ce a raina Allah ya sa ya yarda.

"A goge komai," in ji Bappa. "Yanka ke nan. Ni a aikina mahauci ne kaɗai ke fara magana da wuƙa." Sannan ya rage murya. "In za ka kwashe ɗin, kana ganin abin da ke ciki?"

"Sunayensu kawai, Baba. In hoto ne ko bidiyo, yakan nuna ɗan ƙarami a gefe."

"Ɗan ƙarami."

"Kamar kan ɗan yatsa."

Bappa ya miƙe ya fara naɗe zanensa. Dada tana tsakar gidanta babu mayafi, a ce wani ƙato a shago ya gan ta, ko da kamar kan ɗan yatsa ne? Na matsa kusa na ce, "Bappa, takardun fansho ne fa." Ya ce, "Na fansho ne. Shi ya sa." Muka kwaso muka dawo.

Muna isa gida ya mayar mata da 'ya'yanta kaf, har da tocilar maigadi. Ya kunna. Ta ƙame.

Daga nan dariyar ta fara fita daga raina. Ya daina yi mata magana da safe. Zai zauna ne kawai bayan la'asar, lokacin da ya saba, ya kunna, ya zuba wa akwatin rubutun nan ido har a kira magariba. Na yi ta addu'a a sujada, ina jin nauyin abin da nake roƙo, wai Allah ya buɗe kwamfuta. Amma na san Wanda nake roƙo ya san ba kwamfutar ba ce.

Wata Alhamis na shigo da dambu na same shi durƙushe a bayan teburi, yana zare wayoyi yana magana ƙasa-ƙasa.

"Bappa, wani wurin za a sake kai ta?"

"Babu inda za ta. Laifina ne, Hajjo. Rayuwata kaf ina yi wa makiyaya faɗa, ba a tatsar saniya marar lafiya. Ga tawa kwance, ni kuma ina ta tatsa safe da yamma. Ko ba za ta tashi ba, ta huta."

Ya cire mai baki da yawan nan, ya cire fanka da rediyo da aska, ya bar mata maus da kibod kawai. Sai na ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba: Bappa Manu ya ɗauki tocilarsa ya soka a soket ɗin bango, a kan mitarsa, da hannunsa. Har ya ɗan runtse ido.

Ya kunna ta ne don ya ji ko numfashinta ya sauya. Shafin ya fito. Gwiwar hannunsa ta bugi maus, sai kibiya ta yi tsalle.

Ya rubuta fasuwod, yau ko rigar bai baza ba. Ta buɗe.

Na ajiye kwano na juya zan fita in ba shi wuri. Sai na ji ya ce, "Zauna. Idona ba ya ganin ƙananan rubutu, ki taya ni duba takardun nan."

Ya danna. Ga Dada a kan kujerarta 'yar tsugunno, ɗankwali ya zame, tana burga nono a ƙwarya, hasken hantsi a gefen fuskarta. Ta ɗago ta ga waya.

"Malam, sauke abin nan daga fuskata! Tsofai-tsofai da kai, ba ka da aikin yi ne? In aiki kake nema, je ka cire tarkacenka daga jikin na'urar yaron nan kafin ka kashe ta. Na faɗa maka, na sake faɗa maka!" Sai dariya ta ƙwace mata, ta kare fuska da maburgi, bidiyon ya ƙare.

Bappa ya daɗe yana kallon allon.

"Kullum ina duba takardar nan," in ji shi, "ban taɓa lura da wannan layin ba."

Na ce, "Ai lokacin da take karanto maka shi a tsakar gida ma ba ka lura ba, Bappa."

Ya harare ni, idon nan jajir. Ya ce hasken allo ne, ba shi da kyau ga tsofaffi. Ya kai bakin rigarsa ya goge, sannan ya tura min maus ɗin.

"Mayar da shi farko. Kuma ki sa a wayarki, ke mace ce, babu laifi. Kar dai ki bari mijinki ya ga sirrin fanshona."

Bai cika shekara bayan nan ba ya bi ta, cikin sauƙi, bayan ya dawo daga sallar azahar. Bidiyon yana wurina. Matan gidanmu duk wadda ke so ta zo ta gani, maza kuwa ku yi haƙuri, amana ce.

Ya Allah, ga bayinka biyu nan sun zo gare ka, ɗaya mai faɗa, ɗaya marar ji, kuma ba mu taɓa ganin sun kwana da fushin juna ba. Ka gafarta musu, ka yalwata makwancinsu, ka haskaka shi. Ka haɗa su a Aljanna inda zai dube ta ido da ido ba tare da ya nemi hujja ba. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.