Mai Rainon Sauro a Mota

Matar da ke gefena a mota tana rungume da kwali kamar jariri, ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul. Hannuwanta duk tabon cizo ne.

"Baiwar Allah, kawo a sa a but mana," in ji direba.

"Zafi zai kashe su. Sauro ne a ciki."

Fasinjoji suna ta dariya, ita ko a jikinta.

"An fesa musu magani, sun ƙi mutuwa. Ɗakin bincike zan kai su, sai mun gano abin da suka gada wurin iyayensu."

Ina jin ta taɓa jinyar ɗan da zazzaɓi ya kayar. Da rana ta shigo ta taga, sai matar ta juya ta tare musu ita da bayanta.