Kifin Yaya da Furen Inna

Shekarar da Inna ta zo mana ziyara Manchester, Yayata, wadda GP ce, wato likita, a Birmingham, ta yanke hukunci cewa tsohuwa ba za ta koma Kano ba sai ta ga gidan kifaye. Ba wanda ya tambayi Inna. Ni aka ɗora wa tuƙi, don injiniya a gidanmu sunansa direba.

Muka tsaya gaban wani ƙaton gilashi. Sai ga wani kifi shimfiɗaɗɗe kamar faifai, jelarsa kamar bulala, yana kaɗa gefunansa a hankali. Ya manna farin cikinsa a gilashin, bakinsa kamar mai murmushi.

Yaya ta gyara murya ta soma lacca: ba shi da ƙashi sai guringuntsi, ɗan'uwan kifin shark ne.

Inna ta ce, "Ana ci?"

"Haba Inna, na nan ba a ci."

"To me yake yi?"

"Yawo yake, ana kallonsa."

"Allah sarki. Ga ɗaki, ga abinci, ga wuta. Wannan ai council mai raba gidaje ta gama masa komai."

A wurin ajiye motoci ne Inna ta tsaya cak. Wani fure ne rawaya ya fito ta tsagin siminti, irin wanda Yaya ta shekara tana fesa wa magani a lambunta na Sparkhill, yana dawowa da iyalansa. Inna ta sunkuya ta tsinki ganyen ta tauna.

"Da ɗaci," in ji ta, fuskarta ta washe. "Wannan ba wanda ya shuka shi, ba mai ba shi ruwa, kuma ga amfani. Wancan naku ban da washe baki me ya iya?"

Yaya ta ce ciyawa ce kawai. Inna ta ce shi ma zogale haka aka raina shi.

Da muka koma unguwarmu Old Trafford, Inna ta tsince na lambun gidana kaf, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙulin da ta zo da shi. Na ci har na ƙara. Da Yaya ta ji labari, ta kira daga Birmingham a firgice tana zancen fitsarin karnukan maƙwabta. Inna ta karɓi wayar.

"Na wanke, likita. In kin zo ranar Asabar ki taho min da naki, kafin ki kashe su."