Takin Baba a Tankin Kifina

Na dawo daga aiki na tarar da Baba tsugune gaban tankin gilashina, kifayen sun taso sama suna haki.

Daga Kaikai ya shigo Kankia cin kasuwa. Ban daɗe da fara shuka ciyayi cikin tankin ba. Takinsu ɗigo-ɗigo ake sa shi, in ya yi yawa sai ya ɓata ruwa.

"Baba, me ka zuba?"

"Takin da na sayo wa gerona na ɗibar maka. Ganyen ya yi rawaya, Sani. Ba na iya kallon shuka da yunwa."

Tare muka canja ruwan, kifi ɗaya ya mutu.

Haka ya rene mu, bai iya ba da kaɗan ba. Naku mahaifin fa?