Fitilun Uwaisu Wanzami

A ƙarƙashin gadon Marka, matar Uwaisu wanzami na Madadi, akwai wata tsohuwar fanteka da ta daina riƙe ruwa. Fitilun keke ne a cikinta, guda biyar, kuma duk wadda ka ba abin da take ci, batir ko caji, za ta kama tar. Babu lalatacciya ko ɗaya. Mijinta ne ya saye su ɗaya bayan ɗaya a cikin shekara biyu, ya kuma sallame su ɗaya bayan ɗaya da laifi guda, wai ba su da haske. Idonsa ne yake tafiya, shi kuwa ya ɗora wa fitila.

Wanzanci gadon gidansu ne. Ubansa da ƙafa ya yi yawon sana'ar, shi ya yi da keke, wani baƙi mai sanda wanda ya girmi duk 'ya'yansa. Uwaisu siririn mutum ne mai tsokana, in ya kama kan tsoho ba ya sakinsa sai ya ba shi labarin duk wanda ya yi aure da wanda ya yi saki daga Jama'a har Kabo. Amma da zarar an miƙo masa jariri sai bakin ya mutu. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, kuma yakan faɗe shi ko ba a tambaye shi ba: shekara talatin da 'yan kai yana askin suna, askarsa ba ta taɓa fitar wa jariri jini ba.

Samari sun daɗe da guje masa, sun koma shagunan aski masu injin da madubi. Abin da ya rage masa shi ne tsofaffi, da masu son ƙaho, da askin suna, wanda shi ne ƙashin bayan sana'ar. Shi kuma suna ba ya jiran rana ta fito. Ana idar da sallar asuba ake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a raba goro da dabino, liman ya raɗa suna, kuma abin kunya ne a waiwaya a ga wanzamin gida bai iso ba. Don haka rabin rayuwar Uwaisu a kan keke ya yi ta, cikin duhun kafin assalatu, zabirar askakensa rataye a kafaɗa, wani wuri kwalta, wani wuri burtali tsakanin gonaki.

Shekara da shekaru dainamo yake amfani da shi, 'yar kwalbar ƙarfen nan da ke gugar taya ta ba da wuta. Halinta kowa ya sani: in kana gudu ta haska, in yashi ya riƙe ka ta yi ja ta mutu, daidai inda ka fi bukatarta. Bai taɓa kuka da ita ba, don ya san hanyoyin nan kamar tsakar gidansa. Sai wata asuba ya kai wa kututturen wata bishiya karo, kututturen da ya shekara ashirin yana kauce masa. Ya dawo da gwiwa a goge, ya ce dainamo ya tsufa.

Ya sayi tocila mai batir, ya ɗaure ta a kan keken da tsinken robar tayar da ta mutu. Wannan kam tana da laifinta na gaskiya, domin ko ɗan rami ka faɗa sai ta karkace ta koma haska sama. Ya sayi wadda ake ɗaurawa a goshi, irin ta masu farauta. Ya ce ƙwari take tara masa a fuska. Ya sayi wata mai ƙwai tara, ya sayi wata mai caji, ya sayi wata da aka ce har rediyo gare ta. Kowacce ta yi wata uku ko huɗu, sai Marka ta ji ana jan fanteka.

Marka ba makauniya ba ce. Ta ga yadda ya fara laluben buta alhali tana gefen ƙafarsa, ta ga yadda yake juyo da fuskarsa gaba ɗaya in an yi masa magana daga gefe. Sai ta daina sauya wa kaya wuri a tsakar gidan, turmi a inda yake, kujera a inda take. Sau ɗaya ta gwada yi masa maganar.

"Malam, anya fitilun nan ne kuwa?"

"To mene ne in ba su ba? Kayan yanzu duk na banza ne."

Ba ta sake tayar da maganar ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da har yau take nadama.

A kasuwar Gwarzo akwai wani mai sayar da tocila da caja da kayan wuta, Lukuman, wanda Uwaisu ne ya yi masa askin suna, ya kuma yi wa 'ya'yansa biyu. Wajensa ya je neman ta shida, wata ranar kasuwa da yamma, ya jingine keke ya ce a ba shi wadda ta fi kowacce haske, amma kada a kawo masa mai tsadar da za ta sa ya sayar da akuya.

Lukuman ya baje masa su a kan tebur. "Baba, ba ƙarfin haske kaɗai ake dubawa ba. Wannan siririn haske gare ta, tana jefa shi nesa, ta kwalta ce. Wannan kuma baza shi take yi, ka ga gefe da gefe, ita ce ta burtali. Kai da kake bin duka biyun, ga wadda ake sauya mata, kuma tana da maƙalinta, ba sai ka nemo roba ba. In an cika mata caji za ta kai ka Kabo ta dawo da kai. Sannan ka haɗa da 'yar jar nan ta baya."

"Ta baya kuma? Da ƙeya nake ganin hanya?"

"Ba don ka gani ba ce, don masu mota su gan ka ne."

Uwaisu ya ce a gwada masa. Suka shiga cikin shagon, Lukuman ya janyo ƙofa, ya kunna ta a kan baza haske. Shagon ya cika da haske har kana iya karanta rubutun jikin kwalaye na can kusurwa. Uwaisu ya tsaya yana kallon gabansa, ya ce, "To sauya ta zuwa mai bazawar mana."

Lukuman ya ɗaga hannunsa a gefen fuskar tsohon, kusa da kunne, ya kaɗa yatsu. Uwaisu bai ko ƙifta ba.

"Baba, ka yafe mini, ni ɗanka ne. A kan mai bazawar take. Babu fitilar da za ta yi maka abin da kake nema, ko a Kano. Ka je a duba idon nan."

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce yaron da ya riƙe a tafin hannu yana tsanyara shi ne yau zai koya masa gani. Ya biya kuɗin fitilar da 'yar jar, ya fita ko sallama babu. Sai da ya ƙara wata biyu yana fama, ranar da ya taka ɗan tsakon maƙwabta da rana tsaka bai gan shi ba, sannan ya ce wa Marka ta shirya ta raka shi birni.

Likitar idon mace ce mai sanyin magana. Ta ɗiga masa magani, ta haska, ta auna, ta ce hawan jinin ido ne, kuma yakan fara cinye gani daga gefe yana matsowa tsakiya, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Ta tambaye shi yaushe ya fara lura.

Ya yi ɗan lissafi a ransa. "Tun fitila ta farko," ya ce. Marka ce ta fassara mata, ta ce shekara biyu ke nan da wani abu.

Likitar ta ajiye alƙalaminta. Ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Maganin ɗigawa zai iya riƙe ɗan abin da ya rage, in an dage, kuma da a lokacin nan ya zo da an riƙe da yawa. Ta ce ya bar hawa keke cikin duhu. Da ta ji sana'arsa, sai ta dube shi da tausayi. A mota, a hanyar komawa, Marka ta juya fuska wajen taga tana share ido da bakin mayafi.

Bai gaya wa kowa ba. Ya rage karɓar suna, yana cewa ƙafa ce ke damunsa, yana tura mutane wajen Hambali, wani wanzami na Kabo wanda ya koyi riƙon aska a hannun Uwaisu tun yana saurayi, yanzu shi ma har ya fara furfura. Ana haka, da kaka, dawa ta yi tsayi ta rufe burtali, aka aiko daga Masanawa cewa Murja, autarsa, ta sauka lafiya, namiji, bayan mata biyu. Uwaisu wanzamin gidan mijinta ne tun kafin ya zama surukinsu. Mijin ma, Abdulnasir, Uwaisu ne ya yi masa askin suna. Babu wanda ya yi tunanin a kira wani.

Daren sunan Marka ta roƙe shi ya tafi tun da rana ya kwana can, ko a kira mai babur. Ya ce shi bai taɓa kwana gidan suruki ba, kuma bai taɓa zuwa suna a bayan wani ba. Ya wasa askarsa, ya kai fitila caji, ya ɗaura jar a baya. Kafin kiran farko ya fita. Marka ta tsaya a bakin zaure tana kallon 'yar jar wutar tana ƙifce-ƙifce, ta ga ba ta yi nisa ba ta tsaya, sannan ta ci gaba a hankali, da saurin mai tafiya a ƙasa. Ya sauka ke nan yana tura keken.

Haka ya yi yawancin tafiyar, hannu a kan keke, ƙafa tana neman hanya. Fitilar Lukuman ba ta yi ƙarya ba, ta haska karan dawa dama da hagu, amma shi abin da yake gani bai wuce faɗin faifai ba a gabansa. A kan kwalta motoci biyu suka kauce masa tun daga nesa. A hanya ya yi asuba, raɓa ta jiƙa masa wando har gwiwa. Ya iso an gama raba goro, karo na farko a rayuwarsa da ya tarar da tabarmi a cike.

Aka matsa masa wuri, aka gaisa, aka tambayi hanya da mutanen gida. Liman ya yi addu'a, sannan aka sanar: sunan yaro Uwaisu. Mutane suka juyo suna yi masa barka da takwara, wani tsoho yana tsokanarsa wai yau zai yi wa kansa aski. Ya yi dariya yadda ya kamata.

Da hantsi ya fara, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, wajen da haske ke shigowa, aka kawo ruwan ɗumi a ƙwarya da sabulu. Wata tsohuwa ta fito da jaririn a cikin zani ta zauna a gabansa. Ya jiƙa kan, ya murza sabulu, gashin mai laushi ya kwanta. Ya buɗe askar. Yana ganin tsakiyar kan sarai. Amma in ya dubi tsakiyar, kunnen ya ɓace, in ya dubi kunnen, bakin askar ya ɓace, ga maɗigar yaron tana bugawa a ƙarƙashin babban yatsansa. Hannunsa bai yi rawa ba, hannun lafiyarsa ƙalau. Ya daɗe a haka har tsohuwar ta ɗago ta dube shi.

Ya ninke askar.

"Hambali," ya ce, ba tare da ya waiwaya ba. "Na ji muryarka a waje. Na kuma san ba goro ya kawo ka daga Kabo ba. Marka ce ta aika maka?"

Hambali ya shigo ya durƙusa, zabirarsa a ɓoye ƙarƙashin riga. "Ita ce, Maigida. Ta ce in zo in zauna kawai, ko da za a bukace ni."

"An bukace ka. Bar taka, karɓi wannan, na wasa ta jiya."

Ya matsa gefe ya jingina da bango. Yana jin sautin askarsa a kan jikansa, ƙaramin sautin nan da ya fi sani a duniya, kuma baƙin ciki ya cika shi. Daga cikin gida ana ta guɗa, ba wanda ya san abin da ya faru a zaure sai su uku.

Da aka gama, Hambali ya goge kan, ya karɓi yaron ya ɗora masa a cinya. Uwaisu ya tofa masa addu'a, ya shafa kan da tafin hannu, daga goshi zuwa ƙeya, yadda yake yi wa kowane jariri in ya kammala. A bayan kunnen hagu yatsunsa suka tsaya. Akwai ɗan gashin da aka bari, bai kai faɗin farce ba, wurin da masu koyo kan manta, wurin da ya sha yi wa Hambali faɗa a kansa shekaru da yawa da suka wuce.

Hannunsa ya tafi wajen zabira da kansa, ya tarar askar ba ta nan. Ya dawo da hannun ya rufe kan yaron da shi.

"Ka bar saura a nan," ya ce a hankali. "Matso, in riƙe maka shi."